Kundin aikin kuroton a gidan Yaya na Gwarinpa

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe a gidan yayana da ke Gwarinpa, saboda kuɗin ba nawa ba ne, kuma na san halina: idan ban rubuta a ranar ba, bayan mako biyu ba zan tuna ko nawa na ba mai mota ba. Gidan bene ne mai ɗakunan kwana huɗu, kuma watanni takwas ke nan yana kulle tun da 'yan hayar ƙarshe suka tashi. Yaya ya yi fenti, ya gyara famfuna, ya sauya tayil ɗin kicin, amma duk wanda dillali ya kawo sai ya zaga ya ce zai yi shawara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Dillalin ya ce kuɗin hayar bai fi na maƙwabta ba, sai dai gidan ya bushe a ido, farar katanga da farin bango da tsakar gida duk siminti, babu ko ganye ɗaya, kuma a hoton waya yana kama da asibitin da ba a buɗe ba. Yaya yana Legas wajen aiki, don haka ya turo mini naira 150,000 ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Na yanke shawarar amfani da kuroton, tsiron nan mai ganye ja da rawaya da kore da ruwan goro wanda ake gani a ƙofar otal-otal da bankuna a nan Abuja. Dalilina shi ne adonsa a ganye yake. Fure yana da lokacinsa, ya buɗe ya kaɗe, kuma babu wanda ya san ranar da mai neman haya zai zo, ganye kuwa yana nan kullum. Na ɗan yi karatu a kansa daren jiya. Masana tsirrai suna kiransa Codiaeum variegatum, asalinsa daga Indonisiya da Malesiya da arewacin Ostireliya da tsibiran tekun Pasifik, wato ƙasashen zafi da laima. Abin da ya ba ni mamaki shi ne dangi ɗaya suke da rogo da zurma da bini-da-zugu da aguwa.

Da yamma na auna filin da aka bari ba siminti a gindin katangar yamma, na tarar tsawonsa mita 9 ne, faɗinsa kusan mita ɗaya. Wurin yana samun hantsi sosai, bayan azahar kuma katangar ta yi masa inuwa, kuma irin wurin da kuroton yake so ke nan. Zan jera gindi 12 a nan, in sa biyu a tukwane a ƙofar shiga, huɗu kuma a cikin gida.

Talata, 9 ga Satumba

Bayan an tashi aiki na biya wajen masu sayar da furanni na bakin titi tsakanin Gwarinpa da Life Camp. A intanet na ga sunayen ire-irensa kamar Petra da Mammy da Gold Dust da Zanzibar, amma mai furannin da na yi ciniki da shi bai damu da waɗannan sunaye ba. A wajensa akwai mai faɗi, wanda jijiyoyin ganyensa suke ja da rawaya. Akwai mai murɗe, wanda ganyensa yake lanƙwashewa kamar an murza shi. Akwai mai ɗigo, kore da yayyafin rawaya. Sai mai tsinke, siriri kamar ciyawa. Na ga sunayensa sun fi sauƙin riƙewa, su zan riƙa amfani da su a nan.

Na zaɓi matsakaita 14 da manya 4. Ya fara da cewa matsakaita naira 3,000 kowanne, manya 12,000, wato 90,000, muka yi ta ja har muka tsaya a 80,000. Akwai wasu a gefe masu rabin wannan farashi, amma da na ɗaga ledar ɗaya na ga saiwarsa ba ta kama ƙasa ba, reshe ne aka soka kwanan nan, na tuna cewa araha ba ta ado, na bar su. Motar a-kori-kura ta karɓi 7,000.

Muna lodi ya tambaye ni, "Hajiya, ciki za ki sa ko waje?" Na ce duka biyun. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wannan ba ya son ɗaki fa." Na ce masa falon babba ne kuma yana da tagogi, ya ce to Allah ya sa albarka.

Asabar, 13 ga Satumba

Na tafi Ushafa sayen tukwane. Tukwanen siminti da ake fentawa fari sun cika gari, amma gidan ya riga ya ƙoshi da fari, kuma na yi tunanin jan yumɓu zai ɗauki launin ganyen fiye da kowane fenti. Ushafa sananne ne wajen ginin tukwane, har tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen a shekarar 2000, kuma sana'ar ta daɗe a wannan yanki, domin Ladi Kwali, gwanar ginin tukwanen nan da hotonta yake bayan takardar naira 20, 'yar ƙasar Kwali ce. Na sayi manyan tukwane shida a kan naira 6,000 kowace, duka masu huda a gindi, jimilla 36,000. Mai da ɗan abin da na ba yaran da suka yi mini lodi da nannaɗe su da tsumma sun kai 10,000. Alhamdu lillahi duk sun iso lafiya duk da ramukan hanya.

Lahadi, 14 ga Satumba

Mun yi dashe tun bayan asuba, ni da Baba mai gadi da wani lebura ɗaya da na biya naira 8,000. Ƙasar da ke gindin katangar ja ce mai danƙo, cike da ɓaraguzan bulo da magina suka binne, sai da muka fitar da baro uku na duwatsu. Mun haɗa baƙar ƙasa kashi biyu, busasshen takin shanu kashi ɗaya, da yashi da ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa kashi ɗaya, domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kayan haɗin sun ci 15,000. Na bar tazarar santimita 75 tsakanin gindi da gindi, na cakuɗa mai faɗi da mai ɗigo domin kada jerin ya zama ja zalla. Manya biyu masu murɗe suna ƙofar shiga, manya biyu masu faɗi suna falo, mai tsinke ɗaya yana gindin bene, ɗaya kuma yana ɗakin cin abinci.

Na yi ganganci guda. Wajen cire ganyayen da suka karye a mota na yi aiki da hannu tsirara, ruwan tsiron ya taɓa mini bayan hannu da wuyan hannu, kuma da zufa ta zubo na share gefen wuyana ba tare da na lura ba. Kafin la'asar wurin ya yi ja yana zafi da ƙaiƙayi, sai da na wanke da sabulu sau uku kafin na sami sauƙi. Mayafina ma ya sami tabo mai ruwan ƙasa wanda wanki bai fitar ba. Na karanta gargaɗi a kan ruwan tsiron mako guda da ya wuce, amma gani ya kori ji. Na ba Baba safar hannu ta roba, na ce kada ya taɓa idonsa idan yana wannan aiki.

Laraba, 17 ga Satumba

An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya. Na biya na duba, na waje duk suna tsaye.

Asabar, 27 ga Satumba

Yau raina ya ɓaci. Kwana goma ban shiga cikin gidan ba, ina tsayawa a tsakar gida kawai, da na buɗe falo sai na tarar da ganye zube a kan tayil kamar an yi shara ba a kwashe ba. Manyan biyu sun zubar da fiye da rabin ganyensu, daga ƙasa suka fara, ya rage 'yan kaɗan a ƙoli kamar tsintsiya. Mai tsinken da ke gindin bene ya fi kowanne shan wahala, kusan kara kawai ya rage.

Na zauna na bi abin daki-daki, na ga laifin ya rabu uku, kuma biyu nawa ne. Kuroton yana da halin zubar da ganye idan aka sauya masa wuri farat ɗaya, kuma ni na ɗauko shi daga filin Allah inda yake shan rana da raɓa na kulle shi a ɗaki a yini guda. Sannan gilasan tagogin gidan masu duhu ne, irin waɗanda ake sawa domin rage zafi, kuma idon mutum yana sabawa da hasken ɗaki har ya ɗauka ya isa, alhali a wajen tsiro duhu ne. Na uku shi ne ruwa. Na tambayi Baba sau nawa yake ba su, ya ce, "Safe da yamma, Hajiya, ba na fashi." Ban taɓa gaya masa akasin haka ba, don haka ba zan ga laifinsa ba. Farantan da ke ƙarƙashin tukwanen cike suke da ruwa, ƙasar kuma ta jiƙe sharaf, domin a ɗakin da babu iska babu rana ba abin da zai busar da ita.

Mun zubar da ruwan farantan, mun ja tukwanen zuwa jikin tagogi, mun buɗe gilasan. Na nuna wa Baba ya riƙa soka yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu, idan ya ji danshi ya ƙyale, idan ya ji bushewa ya zuba har ruwa ya fito ta ƙasa. Na kankare bawon kara ɗaya da farce na ga cikinsa kore ne, wato da sauran rai.

Laraba, 1 ga Oktoba

Yau hutun ranar samun 'yancin kai ne, na yi amfani da shi wajen abubuwa biyu. Dillali ya zo da ƙarfe takwas muka ɗauki sababbin hotuna lokacin da hantsi ya faɗo a kan katangar yamma, kuma gaskiya jerin ya yi kyau a kan farin fenti. Hoton falo ba mu ɗauka ba.

Bayan ya tafi na yanki rassa 15 daga na waje domin in gwada yaɗa su da kaina. Kowane reshe tsawonsa santimita 12 zuwa 15 ne, na yanke shi a ƙasan gaɓa da wuƙa mai kaifi, na cire ganyayen ƙasa na bar uku a sama, na ajiye su a inuwa har ruwan ya daina tsatsowa. Na soka su a ledojin da suka zo da tsirran, cikin yashi da ƙonannen ƙaiƙayi, na kifa musu farar leda domin ta riƙe laima, na jera su a bayan ɗakin mai gadi inda rana ba ta bugawa kai tsaye. Baba ya ɗauki ganye ɗaya da na yar ya tsoma a kwalbar ruwa, ya ce shi ma zai gwada nasa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Gindi biyu na ƙarshen jeri, wajen kusurwar kudu, sun yi yaushi duk da ruwan saman da ake yi kusan kullum. Da farko na ɗauka ƙishi ne, abin da bai yi ma'ana ba, sai na tona gefen ɗaya na tarar da ruwa kwance a ramin, saiwar ta yi baƙi ta yi laushi tana wari. Na tsaya har aka fara yayyafi na ga abin da ke faruwa: indararon da ke sauko da ruwan rufin bene yana zubowa a kan siminti, simintin kuma ya gangara daidai wannan kusurwa, don haka ruwan rabin rufin gidan a ramin tsirran biyu yake ƙarewa. Haɗin ƙasar da na yi mai kyau ne, amma na zuba shi a cikin rami mai bangon jar laka, ya zama kamar kwano.

Na tumɓuke su biyun, ba su da sauran amfani. Wani birkila ya fasa ƙaramar hanya a gindin katanga zuwa kwalbatin waje, ya ɗaga bakin simintin kaɗan, ya karɓi naira 5,000. Saura gindi 10 a ƙasa. Gurbin biyun zan bar shi haka har rassan da na soka su yi ƙwari.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na cikin gida sun daina zubar da ganye, kuma an fara ganin toho a jikin kara. Ban kashe komai ba a wannan mako.

Asabar, 25 ga Oktoba

Tohon da na yi murna da shi ya buɗe, amma ganyayen ƙanana ne, kore fatau, kuma tsakanin ganye da ganye kara ya miƙe siriri yana karkata wajen taga. Sabon ganyen kuroton dama kore da rawaya yake fitowa, sai ya manyanta yake rinewa ja ko ruwan goro ko jan da ya kusa baƙi, don haka na fita na gwada da na waje waɗanda suka yi toho a lokaci guda. Na waje sun riga sun fara rina, jijiyoyinsu sun yi rawaya, gefensu ya ɗauki ja, na ciki kuwa ko alama babu. Bayanin da na samu shi ne jan launin yana samuwa ne idan ganye yana shan haske mai ƙarfi, idan kuma haske ya yi ƙaranci sai tsiron ya ƙara koren sinadarin da yake haɗa abinci da shi, koren ya rufe sauran launukan. Ke nan abin da na saya da kuɗi, wato launin, ɗakin da nake son ƙawatawa ne yake cinye shi. Maganar mai furanni ta tabbata.

Na koma wajensa ban ɓoye masa komai ba. Ya yi dariya kaɗan, sannan ya ce masu kai wa ofisoshi ba sa barin tsiro ya zauna a ciki, kai shi suke yi ya yi kwanaki su ɗauko shi su kai wani. Daga nan na sake tsari gaba ɗaya. Masu duba gida ranakun Asabar da Lahadi suke zuwa, babu dalilin da zai sa tsiro ya yi kwana bakwai a duhu saboda baƙon awa ɗaya. Na sayi sababbi huɗu a kan naira 7,000 kowanne, 28,000 ke nan, da tukwanen roba takwas a kan 1,500, wato 12,000. Sababbin za su zauna a baranda ta gabas inda suke samun rana da safe kawai, a shigar da su yammacin Juma'a, a fito da su safiyar Litinin. Tukwanen Ushafa za su tsaya a wurarensu a cikin gida babu ƙasa a ciki, tukunyar roba kawai za a riƙa zurawa a ciro, domin tukunyar yumɓu cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ba kayan da zan sa dattijo ya riƙa ɗagawa duk mako ba ce. Tsofaffin huɗun mun ciro su da ƙasarsu a hankali, mun mayar cikin roba, na rage musu tsawo, suna jinya a bayan gida.

Dama tun ranar dashe na wuce kuɗin da Yaya ya bayar, da wannan kuma ƙarin ya kai naira 51,000. Na kira shi na karanta masa lissafin, ya ce, "Ke dai ki rubuta, idan an kama gidan sai mu yi magana."

Asabar, 8 ga Nuwamba

Makonni biyar da soka rassan. Na ja kowanne a hankali, 9 sun riƙe ƙasa, 6 sun yi baƙi daga gindi. Ina zargin na cika musu ruwa a makon farko lokacin da ledar ma kaɗai ta isa ta riƙe danshi. Na fara buɗe ledar awa biyu a yini domin su saba da iska. Ganyen Baba na cikin kwalba ya fitar da saiwa fara tas, yana ta alfahari, ban so in sare masa gwiwa ba, amma na gaya masa ganye shi kaɗai ba tare da gaɓar kara ba yana yin saiwa ya daɗe a haka ba tare da ya tsirar da reshe ba. Ya ce zai jira ya gani.

An kawo masu dubawa, miji da mata da ƙaramin yaro. Matar ta tsaya a ƙofar falo ta ce gidan yana da rai, wanda shi ne abin da nake son ji tun watan Satumba. Muna hawa bene na waiga na ga yaron ya tsinke ganye yana shirin kai shi baki, na karɓe da sauri na wanke masa hannu, na kuma gaya wa uwar cewa ruwan ganyen yana ƙona fata da baki kuma ba a so yaro ko dabba su tauna shi. Bayan sun tafi dillali ya nuna bai ji daɗi ba, a ganinsa na tsorata su. Ni ban ga yadda zan yi ado da abu mai illa ga yara in yi shiru ba, kuma na ce masa duk wanda ya zo da yara za a gaya masa. Daga baya suka ce gidan ya yi nisa da makarantar 'ya'yansu.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Damina ta ɗauke tun farkon wata, kuma a daidai wannan lokaci injin rijiyar burtsatse ya ƙone. Gyaransa yana cikin lissafin Yaya na daban, amma kwana goma sha biyu da aka yi ana jiran mai gyara sai da na sayi ruwa wajen 'yan garuwa, kura bakwai a kan naira 2,000, jimilla 14,000. Mun shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin na ƙasa, ba ta taɓa kara ba, kuma hakan ya sa ban ruwa ya koma bayan kwana biyu maimakon kullum.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Masu murɗen nan biyu na ƙofar shiga sun dusashe, ganyensu ya yi ɗige-ɗige fari-fari kamar an yayyafa gari, kuma wasu sun fara faɗuwa. Na ɗauka ƙura ce, na goge, bai fita ba. Da na juya bayan ganye na kai shi wajen haske sai na ga siririyar saƙa a tsakanin lanƙwasar ganyen. Na shimfiɗa farar takarda na kaɗa reshe a kai, sai ga wasu ɗige-ɗige jajaye suna tafiya. Ƙananan ƙwari ne dangin gizo-gizo waɗanda suke tsotse ruwan ganye, kuma bushewar iska ce take haɓaka su, shi ya sa duk damina ban gan su ba sai yanzu. Murɗewar ganyen da na so saboda kyau ita ce ta ba su maɓoya. A jikin ɗaya daga cikin masu jinya kuma na sami farin ƙwaro mai kama da auduga a hammatar ganye, irin wanda manoman rogo suka san ɗan uwansa.

Ban so in fesa maganin ƙwari mai ƙarfi a ƙofar da mutane za su riƙa shiga da yara ba. Mun fara da wanke tsirran da tiyo, musamman bayan ganye, sannan na haɗa ƙaramin cokali ɗaya na man darbejiya da ɗigon sabulun ruwa a kowace lita ta ruwa, na gwada a ganye biyu tukuna, sannan na fesa da magariba domin kada rana ta ƙona ganyen da mai ya taɓa. Farin ƙwaron kuwa da auduga da sifirit na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Feshi ɗaya ba ya kashe ƙwai, don haka za a maimaita duk bayan kwana shida har sau uku. Man darbejiya naira 4,500, abin feshi 6,000. Na ware masu cutar daga sauran, ƙofar shiga za ta yi wannan mako da masu ɗigo biyu daga baranda.

Asabar, 6 ga Disamba

An yi feshi na biyu jiya. A gwajin takarda ƙwari biyu kawai na gani. Mutum biyu sun duba gidan yau.

Asabar, 13 ga Disamba

Hunturu ya shigo sosai, kuma aikin yanzu na ƙura ne. Ganyen kuroton yana da sheƙi kamar fata, ƙura kuwa tana kashe wannan sheƙi a kwana biyu, don haka kowace Juma'a kafin a shigar da su muna goge su ganye-ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Wani ya ba Baba shawarar ya shafa musu man gyaɗa su yi ƙyalli, na hana, domin mai yana kama ƙura kuma yana toshe ganye. Rana ta karkata kudu a wannan lokaci, tagar ɗakin cin abinci ta fara samun haske kai tsaye, na gwada barin mai tsinke a wurin duk mako, har yanzu bai nuna damuwa ba.

Wata ƙawata da ke zaune a Rayfield a Jos ta ga hotunan ta kira ni, ta ce nata sun zube tun makon jiya. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin darenta a Disamba da Janairu ba irin namu ba ne, kuroton kuwa yana fara wahala da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13 zuwa 15. Na ce ta matsar da na tukwane jikin bango a ƙarƙashin rufi, ta rage ruwa, kada kuma ta yanke su sai sanyi ya wuce. Mu a nan bushewar iska ce matsalarmu fiye da sanyi.

Asabar, 20 ga Disamba

An kama gidan. Wani magidanci ne da aka sauya wa wurin aiki daga Kaduna, ya zo sau biyu, na biyun da iyalinsa, kuma jiya ya biya kuɗin shekara. Ba zan ce kuroton ne ya sa ya biya ba, domin tambayoyinsa duk a kan ruwa da wuta da wurin ajiye mota suke. Abin da zan iya cewa shi ne tun da aka sauya hotuna a watan Oktoba mutum bakwai suka zo dubawa, kuma matarsa da kanta ta nemi a bar mata tukwanen falo. Na gaya mata gaskiyar lamarin, cewa waɗanda take gani baƙi ne a falon, kwana uku suke yi su fita, kuma na nuna mata tsofaffin huɗun da ke bayan gida domin ta ga abin da ɗaki yake yi musu. Ta ce za ta ci gaba da tsarin, 'ya'yanta kuma sun girma.

Lissafin daga farko zuwa yau: tsirrai 108,000, tukwane na yumɓu da na roba 48,000, sufuri da mai 17,000, ƙasa da taki 15,000, lebura da birkila 13,000, ruwa 14,000, magani da abin feshi 10,500, sai 10,000 da na ba Baba saboda aikin da ya ƙaru a kansa. Jimilla naira 235,500, wato na ɗora 85,500 daga aljihuna. Da na ji maganar mai furanni tun ranar farko, da 28,000 na sababbin tsirrai ba su fita ba.

Asabar, 27 ga Disamba

Na miƙa makullai. Na rubuta wa matar gidan takarda ɗaya mai bayanin ban ruwa da haɗin feshi da ranakun shigarwa da fitarwa, Baba kuma zai ci gaba da gadi a wurinsu. Daga cikin masu jinya uku sun rufe da sabon ganye mai launi, mai tsinken gindin bene bai farfaɗo ba, na yar da shi. Rassa 9 da suka kama na ɗauko su zuwa gidana a Kubwa. Zan riƙe su a inuwa har zafin Fabrairu da Maris ya wuce, idan ruwa ya sauka a Afrilu in mayar da biyu gurbin kusurwar kudu, in kuma datse kan na jikin katanga domin su yi rassa su cika. Yaya ya ce zai turo ragowar kuɗin idan an yi albashin Janairu. Ganyen Baba yana nan a kwalba, saiwa ta cika ta, reshe bai fito ba.